Ku Tambayi Anti: Garuruwa Shida Cikin Kwana 12 Da Yara Uku, Zai Yiwu Kuwa?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk bakinsu ɗaya, hutun makaranta ya matso kowa na lissafin fita waje da yara. Na zaɓi guda huɗu, ta farkon ce za ta ci mana fili sosai don amsarta ta shafi kusan duk wanda ya rubuto.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min da shawara wallahi kaina ya kulle. Mun daɗe muna tara kuɗi ni da maigida za mu kai yara hutu Turai a watan Agusta, kwana 12 muke da su harda ranar tafiya da ranar dawowa. Yaran uku ne, babbar shekara 9, mai bi mata 5, sai auta da zai cika shekara biyu ranar 20 ga Agustan, muna can kenan. Shi maigida ya tsara Landan, Paris, Brussels, Amsterdam, Rum, sai mu tsaya Istanbul a hanyar dawowa, yace tunda an riga an kashe kuɗin jirgi gara a ga ko'ina don ba a san yaushe za a sake fita ba. Ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba amma na kasa faɗa masa dalili, sai cewa yake tsoro ne kawai ke damuna. Wai zai yiwu kuwa Anti? Kuma biza wace ƙasa za mu nema?
Daga Maman Uku

AMSA: Wa alaikumus salam Maman Uku. Zuciyarki gaskiya ta faɗa miki, kuma dalilin da kika kasa faɗa masa bari in ƙirga miki shi, ki ɗauki biro da takarda ku zauna tare bayan yara sun yi barci ki nuna masa. Kwana 12 ne, cire ranar tafiya cire ranar dawowa, saura 10. Garuruwa shida na nufin sau biyar za ku tattara kaya ku canza gari, kuma duk ranar da aka canza gari da ƙananan yara wannan ranar ta tafi, to saura kwana 5 kenan da za a raba wa garuruwa shida. Ko yini guda cikakke babu garin da zai samu.

Nasan zai ce ai Paris zuwa Brussels awa ɗaya ne da minti 22 a jirgin ƙasa, kuma gaskiya ne haka yake. Amma wannan lissafin jirgi ne kawai. Yawancin otal-otal ƙarfe 11 ko 12 na rana suke so ka bar ɗaki, sabon otal kuma ba zai ba ka makulli ba sai wajen ƙarfe 2 ko 3, kafin nan an yi wa yara uku wanka an ciyar da su, an laluba ƙarƙashin gado ana neman takalmi ɗaya, an ja akwatuna zuwa tasha, an sauka an nemi hanyar sabon masauki a garin da ba ka san gabas da yammansa ba. Ni na taɓa yin wannan ganganci da nawa yaran, gari huɗu cikin kwana tara, har yau ina tuna ranar da muka isa gari na uku wajen ƙarfe 12 aka ce ɗaki sai 3, muka zauna a falon otal da akwati huɗu, ƙaramar ta jiƙe wandonta kuma kayan canjinta na can ƙasan babban akwati, na durƙusa a gaban mutane na zazzage shi ina nema tana tsaye tana kuka, yayanta kuma ya kwanta a kan kujera yace shi gida yake so. Abin ya taɓa min zuciya sosai, don saboda su muka yi tafiyar amma su suka fi kowa shan wuyarta.

To ga abin da zan yi da ni ce ke. Gari biyu, in an matsa uku. Ku sauka Paris ku yi kwana 6, ku hau jirgin ƙasa zuwa Amsterdam, awa uku ne da kusan minti 20, ku yi kwana 4 ku tashi gida daga can. In maigida ya ce lallai sai ya ga Brussels to a kan layin take tsakanin biyun, ku yi Paris 5, Brussels 2, Amsterdam 3, ko kuma ku je ta da safe daga Paris ku dawo da yamma ba tare da kun ɗaga akwati ko ɗaya ba, ni wannan na fi so. Wajen sayen tikitin jirgin sama kar ku danna zuwa da dawowa, akwai zaɓi na uku na garuruwa da yawa, shi zai ba ku damar sauka a gari ɗaya ku tashi daga wani a kan tikiti guda, kinga ba sai kun ɓata rana guda kuna komawa Paris don kawai ku hau jirgi ba.

Jirgin ƙasa kuma ki riƙe shi da kyau in dai tafiyar ba ta wuce awa huɗu ba. Daga tsakiyar gari yake tashi a tsakiyar gari yake sauke ku, na Paris daga tashar Gare du Nord, na Amsterdam a tashar Centraal, babu cire ruwa daga jaka babu auna akwati, yaro zai iya tashi ya miƙe ƙafa ya leƙa taga ya ga shanu da gonaki. A jirgin ƙasa na Eurostar mai bin wannan layin, yaron da bai kai shekara 4 ba kyauta yake shiga in a cinya za a riƙe shi. Ki nemi kujerun nan huɗu masu fuskantar juna da tebur a tsakiya tun wajen sayen tikiti, kuma a saya da wuri don kuɗin na hawa ne yayin da ranar ke matsowa.

Landan kuwa ku bar ta sai wata tafiyar. Birtaniya ba ta cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, bizarta daban takardunta daban kuɗinta daban, sau biyar kuma tunda ku biyar ne. Turkiyya ma nata ƙa'idojin shiga daban ne. Rum a watan Agusta zafi ne mai tsanani ga yaron da ake turawa a keke, ga shi wajen 15 ga wata Italiyawa na babban hutunsu shaguna da yawa a rufe. Taura biyu ba ta taunuwa, balle shida.

Maganar biza yanzu. Faransa da Beljiyam da Holan duk suna cikin ƙasashe 29 na Shengen, biza ɗaya ta ishe ku duka ukun. Ƙa'idar ita ce ku nema a ofishin ƙasar da za ku fi yawan kwana a cikinta, in kwanakin sun zo daidai sai ƙasar da za ku fara shiga. A tsarin da na ba ki Faransa ce kenan. Mutane da yawa suna neman ta ƙasar da suka ji an ce ta fi sauƙi alhali ba can za su zauna ba, dan Allah kar ki yi haka, ana iya tambayarku a bakin shiga kuma takardun otal ɗinku za su tona. Ana karɓar takardu tun wata 6 kafin tafiya, amsa kan fito cikin kwana 15 amma tana iya kaiwa kwana 45, ga kuma wahalar samun ranar ganawa a lokacin hutu, don haka in Agusta ce ki fara yanzu yanzu. Kowane yaro da nasa fom da nasa fasfo har autan. Fasfon ya zama yana da aƙalla wata 3 bayan ranar da za ku fita daga yankin, da shafi biyu da ba a buga komai ba. Ki ɗauko na yaran ki duba da idonki yau, don a ƙasashe da yawa fasfon yara ya fi na manya saurin ƙarewa kuma nan iyaye suka fi faɗawa. Sai inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000 ga kowane mutum, mai aiki a duk ƙasashen yankin. Yaran da ba su kai 6 ba ba a biya musu kuɗin biza, waɗanda ba su kai 12 ba kuma ba a ɗaukar zanen yatsunsu.

Akwai abu ɗaya a wasiƙarki da na ja wa layi, wato autan zai cika biyu kuna can. Jariri a cinya sai wanda bai kai shekara biyu ba, kuma yawancin kamfanonin jirgi ranar tashin kowane jirgi suke dubawa, ma'ana zai tafi a cinya amma a dawowa sai da kujerarsa. Kar ku sayi nasa tikitin a intanet ido rufe, ku kira kamfanin ko ku je ofishinsu ku faɗi ranar haihuwarsa ƙarara a gyara tun yanzu, don in aka bari sai a filin jirgi ranar dawowa kuma jirgin ya cika, Allah ya kiyaye kawai.

Masauki ma ki sa ido. Ɗakunan otal a Turai ƙanana ne kuma kowane ɗaki da adadin mutanen da aka yarda su kwana a ciki, mutum biyar da wuya su samu ɗaki guda, kuma in kika ɓoye yaro wajen kamawa a teburin karɓar baƙi za a tsayar da ku. Ki rubuta shekarun kowane yaro daidai. Ni dai ga iyali irin naku gida mai ɗakin girki da injin wanki na fi ba da shawara, kiyi wanki sau biyu a tafiyar kin rage rabin kayan da za ki ɗauka, ki dafa wa yara abin da bakinsu ya saba da shi ranar da suka ƙi na waje. Amma kafin ki biya ki tambayi abu biyu, akwai lifta? Akwai na'urar sanyaya ɗaki? Tsofaffin gidajen Amsterdam matakalarsu a tsaye take kamar tsani, a Paris kuma gidaje da yawa babu na'urar sanyi kuma Agusta kan yi zafi.

Idan kun isa, abu ɗaya babba a rana ya isa, da safe, sai a dawo auta ya yi barcin rana, da yamma a fita lambu. Ƙafar ɗan shekara biyar ɗin nan ita za ta yanke muku nisan da za ku yi kullum, ko kun so ko kun ƙi. Gidan tarihi na Louvre a rufe yake ranar Talata, na Orsay ranar Litinin, kuma 'yan ƙasa da 18 kyauta suke shiga Louvre, amma awa biyu ta ishi yara a ciki. Hasumiyar Eiffel a kama lokacin hawa tun daga gida. Disneyland kusan minti 40 ne daga tsakiyar Paris a jirgin RER A, ku ba ta yini guda kar ku haɗa ta da komai, washegari kuma ku huta. A lambun Luxembourg akwai wani tafki da ake ba yara hayar ƙananan jiragen ruwa na katako masu filafilai, a ba yaro sanda ya tura jirginsa ya zagaya da gudu ya tare shi a ɗaya gefen, wallahi za ki sha mamakin yadda za su manta da kowa a wurin. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris matakala ce ko'ina, layi na 14 ne dai ke da lifta a duk tashoshinsa, don haka da keken yaro bas ta fi sauƙi. A Amsterdam akwai gidan kimiyya na NEMO kusa da tashar Centraal inda komai taɓawa ake yi, babbar za ta so shi sosai. Sai dai ki riƙe hannun na tsakiyan gam, hanyar kekuna mai jan launi ba ta masu ƙafa ba ce kuma masu keken ba sa tsayawa, ga bakin magudanan ruwan garin wurare da yawa babu shinge. Kuma ki sani har wajen ƙarfe 9 na dare da sauran haske a can a wannan lokacin, yara za su ce rana ba ta faɗi ba ba za su kwanta ba, ki ja labule tun 8.

Shi kuma maigida ki lallaɓa shi, niyyarsa mai kyau ce so yake iyalinsa su ga duniya. Ki nuna masa lissafin nan kawai ki bar shi ya cire garuruwan da hannunsa.

TAMBAYA: Salam Anti, ni magidanci ne da yara biyu, na duba na ga in na sayi tikiti daban daban, wato kamfani ɗaya ya kai mu wani gari sai wani kamfanin mai araha ya ƙarasa da mu bayan awa biyu, kuɗin ya ragu sosai. Akwai matsala ne a ciki?
Daga Baban Biyu

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Akwai fa, araha ba ta ado. In tafiyar duka a kan tikiti ɗaya take jirgin farko ya yi latti, kamfanin ne zai nema muku wani jirgin, kayanku kuma su za su wuce da su har inda za ku. In tikiti biyu ne daban, kamfani na biyu ba ruwansa da lattin na farko, ba ku zo ba kawai zai rubuta, ku sayi sabbin tikiti huɗu a farashin ranar. Bayan haka sai kun fita kun ɗauki akwatunanku kun sake ba da su, kuma fitar nan na nufin shiga ƙasar ta hannun jami'an shige da fice, in ba ku da bizarta tun daga gida ma za a iya hana ku hawa jirgi. Awa biyu da yara biyu ba za ta ishi wannan ba ko kusa. In lallai sai ka raba tikitin to ka sa kwana guda a tsakani.

Ka duba kuma wane filin jirgi mai arahar yake sauka. Akwai wanda ake rubuta masa Paris amma Beauvais ne, kusan kilomita 85 daga birnin, ka haɗa kuɗin bas na mutum huɗu da kuɗin kowane akwati da kuɗin zaɓen kujera don ku zauna kusa da yaranka, sannan ka sake kwatantawa. Ƙari ɗaya, in tikitinka mai zango da yawa ne kar ka tsallake zango ɗaya kace za ka tare jirgin a gaba, yawancin kamfanoni soke sauran zangon gaba ɗaya suke yi har da na dawowa.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni zan fara tafiya da yara biyu ni kaɗai, babansu sai bayan kwana huɗu zai same mu a gari na biyu saboda aiki. Me zan riƙe? Kuma ƙaramin yana shan magani kullum, za a bari in wuce da shi?
Daga wata 'yar'uwa

AMSA: Barka kadai 'yar'uwa. Ki riƙe takardar amincewar babansu, ya rubuta sunayen yaran da lambar fasfonsu da ranakun tafiya da ƙasashen da za ku, ya sa hannu a gaban lauya ko wanda doka ta ba ikon buga hatimi, ya haɗa da kwafin fasfonsa da lambar wayarsa. Ki haɗa da takardar haihuwar kowane yaro, musamman in sunan ƙarshe na fasfonki ya bambanta da nasu. Wataƙila har ki dawo babu wanda ya tambaya, amma jami'in da ya ga mace ita kaɗai da yara yana da hurumin tambaya saboda satar yara da ake yi, kuma ranar da aka tambaya babu takarda ranar ba ta da daɗi. Ki ɗauki hoton duk takardun ki tura wa kanki a imel.

Maganin kuma ki bar shi a kwalinsa na asali, da takardar likita mai ɗauke da sunan yaron da sunan maganin da yawan da yake sha, ki ɗauki wanda zai wuce kwanakin tafiyar da kamar sati guda, kuma a jakar hannu kar ki kuskura ki sa shi a akwatin da za a wuce da shi ƙasan jirgi don akwati na iya yin kwana biyu bai iso ba. Dokar nan ta mililita 100 ta ruwa a jakar hannu tana da sassauci ga magani da madarar jarirai, ki fito da su ki nuna kawai. Wasu ƙasashen kamar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suna da tsanani kan magunguna irin su kodin da tiramadol, in nasa na da irin wannan sinadarin ki duba ƙa'idar kowace ƙasa da za ki bi har wadda za ki yi zango kawai. In ana neman katin rigakafin shawara a hanyarki, ki sani sai bayan kwana 10 da yin allurar yake fara aiki, kuma tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Kaya kuma ki rage su har sai ya zamana hannunki ɗaya a sake yake, babban akwati ɗaya da jakar goyo, sauran babansu ya taho da su.

TAMBAYA: Anti ni babban tsorona yaro ya ɓace min a cikin cunkoso a ƙasar da ba ma jin yarensu, ɗana ɗan shekara 6 ba ya tsayawa wuri ɗaya. Har na fara tunanin fasa tafiyar.
Daga Maman Yaro

AMSA: Kar ki fasa Maman Yaro, Allah ya tsare mana su, amma ki shirya. Kullum da safe kafin ku fita ki ɗauke shi hoto da kayan da ke jikinsa, in wani abu ya faru hoton za ki nuna ba sai kin tsaya kwatance da yaren da ba ki iya ba. Ki sa masa riga mai launi mai ɗaukar ido. Ki rubuta lambar wayarki da lambar ƙasa a gabanta da sunan masaukinku a kati ki sa masa a aljihu, kuma ki tuna canza katin duk garin da kuka koma, nan ake mantuwa. Ki tabbatar layin da kika rubuta yana aiki a can. A duk ƙasashen Tarayyar Turai lambar gaggawa 112 ce kuma kyauta ce.

Ki koya masa tun a gida, kamar wasa, cewa in bai gan ki ba ya tsaya cak inda yake ya kira sunanki da ƙarfi, sunanki na gaskiya don Mama kowa Mama ce, in zai nemi taimako ya je wajen mace mai riƙe da yara ko mai kayan aiki a bayan kanta. Wurin da ya fi ba ni tsoro ni ƙofar jirgin ƙarƙashin ƙasa ce don da kanta take rufewa ba ta jiran kowa. Ku yi yarjejeniya, in ƙofa ta rufe shi yana waje ke kina ciki ya tsaya a wurin nesa da bakin layi za ki dawo, in shi ne a ciki ke a waje ya sauka a tasha ta gaba ya tsaya za ki zo a jirgi mai biyowa. Ku maimaita shi sau uku huɗu har ya iya faɗa miki da bakinsa, kuma wajen shiga babba ɗaya a gaba, yara a tsakiya, babba ɗaya a baya.